Majalisar da ke jikin kofin tsaraba

Kofin shayin nan da matafiya ke kawowa tsaraba daga Landan, mai hoton doguwar hasumiya da agogo, fadar Westminster ce a jikinsa, mazaunin majalisar dokokin Birtaniya. Gobara ta cinye tsohon ginin a 1834, Charles Barry da Augustus Pugin suka zana sabon. Tsawon hasumiyar mita 96 ne. Big Ben kuwa sunan ƙararrawar cikinta ne.

Tamu ta Yamai, da ke bakin Place de la Concertation, ba ta samu irin wannan zaman lafiya ba. Boubou Hama ya shugabance ta har 15 ga Afrilu 1974, ranar da Seyni Kountché, ɗan Fandou a yankin Filingué, ya kifar da gwamnati. Sojoji sun sake sallamar 'yan majalisa bayan 26 ga Yuli 2023.