Idon da Ba Ya Aiki Daga Nesa: Tarihin Gilashi Mai Faɗi da Dajin Birnin Gwari

Wanda ya nemi hoton dajin Birnin Gwari a intanet, abin da zai fi samu iri uku ne: hayaƙin da aka ɗauko daga jirgin yaƙi, sojoji a bakin titi, ko bidiyon da 'yan bindiga suka ɗauki kansu da waya. Dajin kansa, da itatuwansa da duwatsunsa da manoman da ke gefensa, da wuya a gan shi. Dalilin farko kowa ya san shi, rashin tsaro ne. Na biyu ya shafi kayan aiki. Idon kyamarar da ke iya kwashe daji a hoto ɗaya ya daɗe yana da tsadar da ta fi ƙarfin mai hoton karkara, kuma ba ya amfani sai mai ɗauka ya shiga cikin abin da yake ɗauka. Tsadar ta karye a 'yan shekarun nan, amma sharaɗin kusanta yana nan daram.

Idon kyamara shi ne jerin gilasan da ke gabanta, masu tattaro haske. Da milimita ake auna shi, kuma gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon faɗin ganinsa. A kan fim na milimita 35, ido mai lamba 200 yana ganin digiri 12 kacal, shi ya sa yake janyo abin da ke nesa. Mai lamba 50 yana ganin kusan digiri 47, mai lamba 14 kuwa digiri 114. Wannan na ƙarshe shi ake kira ido mai faɗin gani sosai, kuma ƙera shi ya ba masana wuya fiye da shekara ɗari.

A 1859 wani Bature ɗan Ingila, Thomas Sutton, ya ƙera ido mai siffar ƙwallo, ya cika cikinsa da ruwa. Yana ganin digiri 120, sai dai dole a lanƙwasa farantin da hoton ke sauka a kai, don haka bai yaɗu ba. A 1900 kamfanin Goerz na Jamus ya fito da Hypergon, mai ganin digiri 135. Matsalarsa ita ce tsakiyar hoto na shan haske fiye da gefe, har sai da aka ɗora masa 'yar fanka mai siffar tauraro, wadda mai hoto ke juyawa da iskar famfon roba don ta rage wa tsakiyar haske. Irin wannan kaya sai gwani mai haƙuri, mai kuɗi.

Da ƙananan kyamarori suka zo, sai wani cikas ya ɓullo, wato madubi. A cikin kyamarar da 'yan jarida suka fi riƙewa tun daga shekarun 1960 akwai madubi tsakanin ido da fim, wanda ke tura hoton zuwa wurin leƙe, ya ɗage sama a daidai lokacin ɗauka. Shi kuwa ido mai faɗi, ɗabi'arsa ce ya zauna dab da fim, daidai inda madubin ke kai da komo. Biogon mai lamba 21, wanda Ludwig Bertele ya tsara wa kamfanin Zeiss a 1954, ya yi kyau ne saboda kyamarar Contax da aka yi shi dominta ba ta da wannan madubi. Da Nikon ya yi mai lamba 21 wa kyamararsa ta F a 1959, sai an kulle madubin a sama kafin a ɗaura shi. Mafita ta zo daga Faransa, inda Pierre Angénieux ya fitar da tsarin Retrofocus a 1950: a sa babban gilashi a gaba don idon ya ja baya ya bar wa madubi fili. Dabarar ta yi aiki, amma ta ƙara girma da nauyi da farashi.

Duk tsawon wannan lokaci dajin Birnin Gwari a buɗe yake. A 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun daji na En'e, a watan Mayun 1999 kuma aka ɗaga shi zuwa gandun ƙasa na Kamuku, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,120. Kogin Mariga ne ya raba shi da gandun Kwiambana na jihar Zamfara. Daji ne na doka da maje da kaɗanya da taura, an san shi da giwa da gwanki, an ƙidaya tsuntsaye iri 177 a cikinsa, ga ambaliyar Dogon Ruwa, ga Goron Dutse. Irin wannan daji ba ya ba mai hoto damar ja da baya, domin taku goma sai wata bishiya ta tare masa gani. Ido mai faɗi yake buƙata, a zamanin da mai hoton gari jarinsa bai wuce na hoton biki da na fasfo ba.

Cire madubi ne ya sauya lissafin. A 2008 Panasonic ya fitar da Lumix G1, kyamarar da ke nuna hoto kai tsaye a allo ba tare da madubi ba, a 2013 kuma Sony ya biyo da A7. Tazarar da ke tsakanin mazaunin ido da faifan ɗaukar haske, wadda ta kai milimita 44 a Canon EF da 46.5 a Nikon F, ta dawo 18 a Sony E. Ido mai faɗi ya samu damar komawa kusa, ya ƙanƙance. A 2014 kamfanin Samyang na Koriya ta Kudu ya fito da mai lamba 12, mai ganin kusan digiri 99, a farashin da bai kai rabin na Zeiss Touit mai lamba ɗaya ba. Kamfanonin Sin irin su Laowa da 7Artisans da TTArtisan suka bi sahu. Sirrin arahar shi ne babu inji a ciki, babu wayoyin da ke magana da jikin kyamara. Da hannu ake murza saiti.

Saitin hannu ba wata babbar asara ba ce a nan. Ido mai lamba 12 a kan faifan APS-C, in aka tsuke ƙofar haskensa zuwa f/8 aka ajiye saiti a wajen mita ɗaya, komai zai fito tangaran daga rabin mita har iyakar gani. Kyamara marar madubi kuma tana shafa launi a gefen abin da saiti ya kama, ta kuma zuƙo shi a allo don a tabbatar. Kwana biyu sun isa mai koyo ya saba.

Abin takaici, shekarun da gilashin ya yi araha su ne shekarun da dajin ya rufe. A Oktoban 2012 aka kashe kimanin mutum 20 a Dogon Dawa. A 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da Kamuku suka haɗa kai da jami'an tsaro don fatattakar ɓarayin shanu daga cikinsa. A Mayun 2018 harin Gwaska ya ci rayuka fiye da 40. A ƙarshen Satumban 2021 aka katse layukan waya a yankin. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, mai kimanin kilomita 120, ta zama ba a binta sai da rakiya ko da addu'a. Sai a ƙarshen Nuwamban 2024, bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla, aka sake buɗe kasuwar shanun garin wadda ta shafe shekaru a rufe.

Yanzu da aka samu 'yar sarari, ya kamata a san halin wannan ido kafin a shiga da shi. Mutumin da ke nesa da taku goma yakan zama ɗan ɗigo a hoton. Kafin fuskar manomi ta cika, sai an matso har hannu zai iya taɓa shi, ke nan sai an yi sallama, an gaisa, an nemi izini. Ba a satar hoto da shi. Yana kuma da ƙaryarsa: fuskar da ta faɗa gefe takan miƙe, in aka ɗaga shi sama itatuwa su karkato kamar za su faɗi, ƙaramar gona ta yi kama da fadama. Mafi haɗari, ba ya barin komai a waje. Dutsen da ke baya zai faɗi sunan ƙauyen, rumbu zai nuna an yi girbi, garke zai nuna inda shanu ke kwana. A ƙasar da kalmar infoma ta sha jawo kisa, wajibi ne mai hoto ya duba kusurwa huɗu kafin ya danna, ya sake dubawa kafin ya ɗora a Facebook.

Saboda haka wanda ya fi cancanta ya riƙe wannan ido shi ne ɗan gida: mai hoton biki da ke cikin garin, malamin makaranta, ma'aikacin gandun daji, wanda ya san abin da za a nuna da abin da za a rufa. Aikin da ke gabansa kuma ba na ado ba ne. Masu gawayi da masu katako da masu haƙar zinariya suna sauya fuskar dajin, kuma gardama a kan abin da aka rasa ba za ta ƙare ba sai da shaida. Hanya mafi sauƙi ita ce a zaɓi wuri guda, a tsaya a kan dutse guda, a ɗauki hoto da ido guda kowace kaka da kowace bazara, a rubuta rana da suna, a adana kwafi a wuri fiye da ɗaya. Bayan shekara goma, duk mai son sanin ko doka ta ƙaru ko ta ragu a gefen Mariga zai ɗora hoton farko kusa da na ƙarshe ya ƙirga da kansa.