Sayen tikitin jirgin sama: da kanka ko ta hannun ajans?

Tikitin jirgin sama yarjejeniya ce tsakanin matafiyi da kamfanin jirgi. Tun shekarar 2008 manyan kamfanoni suka daina buga tikiti na takarda. Yanzu ana ajiye shi cikin na'ura, a ba matafiyi lamba mai haruffa da alƙaluma guda 6. Wannan lamba ita ce shaidar cewa an kama maka wuri.

Hanyoyin saye

Hanyoyi uku ne: ofishin kamfanin jirgi, intanet, ko kamfanin shirya tafiye-tafiye, wanda ake kira ajans. Ajans dillali ne. Yana duba farashin kamfanoni da dama, ya ƙara ladansa a kai.

Yaushe za ka saya da kanka?

Idan tafiyar mai sauƙi ce, jirgi ɗaya, zuwa da dawowa, kamar daga Yamai zuwa Kasabalanka, kana iya saye kai tsaye. Ta intanet ana bukatar katin banki. Sayen tikiti da wuri yakan rage kuɗi, domin farashi yana hawa idan ranar tafiya ta matso, musamman lokacin hutu da watan azumi.

Yaushe ajans yake da amfani?

- Idan za a canja jirgi a hanya, misali ɗan kasuwar Maraɗi da zai tafi Sin ta Adis Ababa ko Istambul.
- Idan matafiya suna da yawa, ko akwai tsoho ko marar lafiya.
- Idan karatun faransanci ko ingilishi yana ba ka wuya.
- Idan aikin hajji ne. A Nijar, maniyyata suna rajista ta hannun ajans da hukumar alhazai, COHO, ta amince da su.

Kafin ka biya

1. Sunan da ke kan tikiti ya zama daidai da na fasfo. Kuskuren harafi ɗaya yana iya hana ka shiga jirgi.
2. Ƙasashe da yawa suna so fasfo ya kasance da sauran wata 6 kafin ya ƙare.
3. Tambayi nauyin kaya. Galibi jaka ɗaya ba ta wuce kilo 23.
4. Tambayi abin da za a cire maka idan ka ɗage tafiya ko ka fasa.
5. Karɓi rasit mai hatimi.

Kama wuri daban, biyan tikiti daban. Macuta sukan kama wuri, su nuna takarda, su karɓi kuɗi, bayan ƴan kwanaki wurin ya faɗi. Saboda haka, bayan ka biya, ka kai lambarka ofishin kamfanin jirgin, su tabbatar maka an fitar da tikitin.