Igiyar da ke Reto a Banɗakin Ingila

A gidajen Ingila da wuya ka ga makunnin wuta a bangon banɗaki. Ko dai yana waje a bakin ƙofa, ko wata 'yar igiya ce ke reto daga silin, ka ja ta ƙwai ya kama, fanka ta fara zuƙe tururi. Soket ma babu, sai na injin aski. Baƙo yakan ɗauka tsabar tsirfar Bature ce, alhali tsoro ne ya haifi abin.

A 1882 ƙungiyar injiniyoyin tangarahu da lantarki ta Landan ta fitar da ƙa'idojin wayarin na farko, shafi huɗu kacal, kuma gobara ce damuwarsu. A lokacin, talaka a bayan gida yake kewayawa, wanka kuwa a baho gaban murhu. Bayan dokar gidaje ta 1919 ne wurin wanka ya fara zama ruwan dare a gidajen da hukuma ke ginawa. Daga nan ruwa da wuta suka haɗu a ɗaki guda. Wutar da za ta ɗan fizgi busasshen hannu, ita ce ke kashe mai jiƙaƙƙen jiki da ƙafa ba takalmi.

Fanka ta zama dole daga baya. Da man fetur ya yi tsada a 1973, mutane suka shiga toshe kowace kafa don kada ɗumi ya fita. Tururi ya rasa hanya, bango ya yi baƙi da funfuna. Yau doka ta ce fankar banɗaki ta fitar da lita 15 na iska a daƙiƙa, in kuma babu taga ta ci gaba da juyawa minti 15 bayan an kashe ƙwai.

To, a nan gizo ke saƙar. Fankar da ke aiki bayan an kashe ƙwai tana da wata waya mai wuta dare da rana, ban da wadda ke bin makunni. Mai gyara ya kashe fitila, ya buɗe murfi da sakin jiki, ya damƙi ajalinsa. Shi ya sa ake sa mata makunni na daban mai yanke wayoyi uku a tare, galibi a waje, saman ƙofa. A ganina, a duk tsarin babu abin da ya kai wannan ɗan makunnin daraja.

Sauran matakan kariya sun biyo baya. A 2005 wayarin gida ya shiga dokar gini a Ingila da Wales. Bugu na 17 na ƙa'idojin, a 2008, ya wajabta wa duk layin banɗaki na'urar da ke yanke wuta da zarar miliamp 30 ya zurare.

Mu kuma a nan gida mun gaji filogin Ingila mai ƙafa uku na 1947. Banɗakin kakanninmu ba shi da rufi, rana da iska ke busar da shi. Yanzu muna gina ɗaki ciki da banɗaki, wani ko taga babu, soket ɗin hita dab da shawa, wayar ƙasa a naɗe ba a haɗa ta da komai ba. Ga janareto da inbata, ɗauke wutar NEPA ba ya nufin waya ta mutu. Mai gida, kafin a shafe bango da siminti, ka sa mai wayarin ya nuna maka inda wayar ƙasa ta shiga ƙasa, da inda ake kashe fankar.