Rijiyar Kusugu

Kusugu tsohuwar rijiya ce a cikin birnin Daura, Jihar Katsina, kuma tana daga cikin wuraren tarihi mafi daraja a ƙasar Hausa. Bisa tarihin baka, wani maciji mai suna Sarki ne ya mamaye ta, yana hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Bayajidda, baƙon da aka ce ya fito daga Bagadaza ya biyo ta Borno, ya sauka gidan wata tsohuwa, Ayana. Da ya nemi ruwa bai samu ba, sai ya ɗauki guga ya tafi rijiyar da dare, ya sare kan macijin. Sarauniya Daurama ta aure shi, suka haifi Bawo, wanda ake danganta wa zuriyarsa kafa shida daga cikin Hausa Bakwai.

A yau an kewaye rijiyar da gini. Mutanen Daura na cewa ba ta taɓa ƙafewa ba, kuma maziyarta da yawa kan sha ruwanta ko su cika jarka su kai gida, da imanin yana maganin cututtuka. Malamai kuwa sukan tunatar da cewa waraka daga Allah take.

Akwai irin wannan al'ada a ƙasar Ailan, inda ake jingina rijiyoyi ga waliyyan Kirista, kamar rijiyar Birijid a Kildare. A can masu neman lafiya kan kewaya rijiya suna addu'a, wasu su ɗaura tsumma a bishiyar da ke gefenta.