Yadda Tsarin GRA Ya Shafi Aikin Mai Hoto a Katsina

Da Turawa suka ci Katsina a 1903, ba su tare cikin birni ba. Sun keɓe wa kansu unguwa a bayan ganuwa, wadda ta zama GRA. Ƙa'idar zamanin Gwamna Lugga ita ce a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin mazaunin Bature da na 'yan ƙasa, wai don gudun sauro. Gidajen kuwa kowanne a tsakiyar makeken fili yake, da baranda mai zurfi.

Ba don mai hoto aka yi wannan tsari ba, amma ya ci moriyarsa, domin yana da wurin ja da baya har gida ya shigo masa ɗungurungum. A cikin birni abin ba haka yake ba. Hasumiyar Gobarau ta kai kimanin mita 15, gidaje sun kewaye ta. Dole ka ɗaga bakin kyamara sama, da ka ɗaga kuwa sai bangaye su tsuke ta can ƙoli, ginin ya fito kamar zai kwanta rigingine. Tsofaffin kyamarori masu zugazugi suna da maganin wannan: a zuge gilashin gaba sama, jikin kyamara na tsaye cak. Sai a farkon shekarun 1960 kamfanin Nikon ya yi wa ƙananan kyamarori irin wannan gilashi.

Ciwon kan GRA haske ne. Da rana tsaka farin bango yana kashe ido, baranda kuma ta yi baƙi ƙirin, ga inuwar bedi ta yi wa bangon dabbare-dabbare. Fim bai iya riƙe biyun lokaci guda, shi ya sa gwanaye ke jiran hantsi ko la'asar sakaliya. Hazon hunturu yakan sassauta inuwa, sai dai ya bar sararin sama fari fat.

Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987, an yayyanka filaye da dama, benaye sun tashi, katangu sun yi tsawo. Wurin ja da baya ya ƙare a layuka da yawa. Yanzu mai ɗaukar gidan haya ko otal yakan tsaya a bakin ƙofa da wayarsa, ya ɗauka a karkace, ya koma manhaja ta miƙe masa bango, ko ya yi hayar jirgi marar matuƙi ya ɗauko daga sama.