Kunnen Alaramma da Tarihin Harafin Lodi

A tsangayun Gaya da Ajingi, kamar sauran ƙasar Kano, alaramma kan zauna da dare ana hadda a bakin wuta. Bai ga bakin almajiri ba, amma da yaro ya karkace harafi sai ya ce masa, "Kai, ja harshenka baya." Daga sauti kaɗai ya gane inda harshen ya sauka.

Wannan gwaninta tana da dogon tarihi. A Basra, cikin ƙarni na 8, Khalil bin Ahmad ya jera kalmomin Kitabul Ain bisa mafitar haruffa, ya faro daga maƙogwaro zuwa leɓɓa. Ɗalibinsa Sibawaihi ya ƙidaya mafita 16. Ibnul Jazari, wanda ya rasu a 1429, ya tsaya a kan 17, kuma lissafinsa ne masu tajwidi ke bi har yau.

Harafin da ya fi ba malamai aiki shi ne Dad, wanda tsangaya ke kira lodi. Sibawaihi ya ce daga gefen harshe yake fita, inda ya haɗu da turamen haƙora. Larabawa da yawa sun daina furta shi haka, amma Hausa ta adana alamarsa: alƙali, larura, farilla, alwala, duk Dad ne ya zama "l". Mutanen Sifaniya ma da suka ari kalmar alƙali daga Larabci sai suka ce "alcalde". Masana harshe na kafa hujja da irin waɗannan kalmomi cewa tsohon furucin ta gefen harshe yake.

Daga baya na'urori suka shigo fagen. Peter Ladefoged, a littafinsa na 1964 kan sautukan harsunan Afirka ta Yamma, ya nazarci ɓ da ɗ na Hausa. Cikin dabarunsa akwai barbaɗa garin gawayi a ganɗa, a furta kalma, a ɗauki hoton wurin da harshe ya goge. A 1978 Bishnu Atal da abokan aikinsa a Amurka suka sa kwamfuta ta lissafa siffar baki daga sauti, suka tarar sauti ɗaya na iya fitowa daga siffofi daban-daban. Wannan ya dace da yadda malaman ƙira'a suka sharɗanta karɓar karatu baki da baki: inda kunne ya yi shakka, sai ido ya raba gardama.