Huhun Goro Ne Ya Zaunar Da Mu

Sana'a ce ta sama wa kakanninmu wurin zama a Agege. Da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912, manoman Agege na da goro, fatakenmu kuwa sun iya tsince mai sankara, su ɗaure huhu da ɗanyen ganye, ya isa Kano bai bushe ba. Da wannan gwaninta baƙo ya zama mai gida, Zango ya kafu, har aka naɗa Sarkin Hausawa.

A Janairun 2016 gwamnatin Legas ta rushe kasuwar Owonifari a Oshodi. Rumfa kan tafi a wuni guda, jama'a, amma wanda ya iya aiki ana nemansa gobe. Mu koya wa yaranmu sana'a.